Majo Isuhu da Neman Motar Isansi

Ku da kuka san Majo Isuhu, ku gaya mini tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa ganin mutumin nan ya wuce mota tana aiki bai tsaya ya saurari ƙirjinta ba? Babu! Wannan abin awon ƙirji na likitoci, mai igiya biyu da ake maƙalawa a kunne, da shi ya bar aiki, kuma kullum yana cikin aljihun rigarsa tare da goro. Da ya hangi mota an bar injinta a kunne, sai ya zaro shi, ya sa a kunne, ya ɗora bakin a kan murfin inji, ya lumshe ido. Direba na faɗa, karen mota na dariya, shi ko a jikinsa. Can sai ya ɗago ya girgiza kai.

"Wagga tana da tari. Ku kai ta a duba ta."

Ga yaran da ba su riske shi ba: majo shi ne babban ma'aikacin gidan likita na ƙauye. Shi ke allura, shi ke ɗinki, shi ke yi wa masu jinya faɗa. Ya yi wannan aiki a garuruwa da dama kafin ya aje ya dawo gida Urafane. Ni kuwa Habu, ɗan kawunsa ne ni, shi ɗan gwaggona. Taubasai ke nan. Don haka duk abin da za ku ji na faɗa a kansa yau, na sha faɗa masa a gaban idonsa, ya kuma rama da abin da ya fi shi zafi.

Mutumin nan ba ya zama. Wallahi ba ya zama! A tsaye yake shan shayi. In ya zo gidanka ka shimfiɗa masa tabarma, sai ya zagaye ta kamar an ce akwai kunama a ƙasa. Kafin ka gama tambayarsa iyali, ya riga ya kai bakin zaure yana cewa, "Tashi mu tahi!" In ka ce ina, sai ya ce, "A hanya zan gaya maka."

Da wannan "tashi mu tahi" ɗin ya jefa ni cikin wahalar neman mota. Ni da can direban babbar motar gyaɗa ne tsakanin Tasawa da Maraɗi. Farin farko ya kashe gyaɗa, mai motar ya jingine ta, na dawo ƙauye na rungumi hauya. Sai Majo ya ga ga wani zaune ba aikin yi, ya mai da ni abokin yawonsa.

Dalilin motar kuwa ba alfahari ba ne. Matarsa Hajo ce gwiwoyinta suka ƙi. Ɗiyarsu Ladi tana aure a Mayahi, kuma hanyar zuwa ɗaya ce, babbar motar kasuwa wadda sai ka taka taya ka kama ƙarfe ka haura. Ranar da Hajo ta gwada ta ƙarshe, sai da maza suka ɗaga ta kamar buhun wake, jama'a na kallo. Ta yi kuka don kunya, ta rantse ba za ta ƙara ba. Tun daga ranar Majo ya ce mota zai saya. Tsohuwa, ƙarama, kuma ta isansi, wato mai shan fetur.

"Majo," na ce, "ka nemi ta gazuwal, irin man manyan motoci. Manta ya hi araha, injinta ya hi ƙarhi."

"Ina zan je da ƙarhi? Mayahi jehi-jehi, Tasawa in karɓi fansho, shi ke nan. Tahiyar da zan yi a shekara, direban kasuwa ya yi ta a mako. Kai Habu, an taɓa ba mu motar likita ta gazuwal a wani gari. In ta ɗan kwana ba a tashe ta ba, sai mun tara marasa lahiya sun tura ta. Mai zazzaɓi na turi, mai gudawa na turi! Gazuwal ba ta son zama."

"Ashe ƴar'uwarka ce."

"Uwarka ce," ya ce. Ya manta uwata matar kawunsa ce.

Duk da haka na lallashe shi muka je Tasawa ganin motar wani Alhaji mai fataucin fatu. Mota kam mota, fara tas, an wanke ta tana ƙyalli. Na riga na gaya wa Alhajin kada ya ambaci gazuwal, mu bari Majo ya fara sonta tukuna. Aka tayar da inji. Majo ya saurari gaba, ya saurari gefe. Sai ya zagaya baya, ya durƙusa da farar rigarsa ta zuwa birni, ya kai hanci bakin salansa. Direban Alhaji yana son ya nuna ƙarfin mota, sai ya danna ƙafa har ƙasa.

Wayyo! Wani baƙin hayaƙi ya tirniƙe, Majo ya ɓace gaba ɗaya. Da ya fito, gemu baƙi, riga baƙa, idanu kaɗai ke fari. Ya yi tari, ya yi atishawa, ya dube ni. Ni kuwa na sami wani abin kallo a saman bishiya.

"Alhaji," ya ce, "raƙumin ga naka lahiyayye ne, Allah shi ba ka mai zuwa Agadas. Ni jaki nike nema mai taya."

Bai yi mini magana ba har muka fito gari. A tasha ya saya wa kansa ƙosai, ya ci a tsaye a gabana, ya lashe yatsu, bai ko miƙo mini ba.

Labari ya bazu cewa Majon Urafane na neman mota, sai dillalai suka taso. A cikinsu akwai Ɗan Jimma, wani siriri mai haƙorin makka, wanda in ya ce maka rana ta fito gara ka leƙa waje. Ya aiko a gaya mana ya samo abin da muke so daidai: ƙaramar mota ta isansi, ta wata tsohuwar Baturiya da ta koma ƙasarsu.

"Ba ta zuwa ko'ina, Majo," in ji shi da muka iso. "Daga gida sai kanti, daga kanti sai gida. Dubi agogon kilomita da idonka. Jaririya ce!"

Agogon kam ya nuna tafiya kaɗan. Majo ya ce in shiga in zauna wurin direba. Na zauna, sai na ji na nitse. Kujerar ta lotse har gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata, sitiyari ya koma sama da kaina.

"Baturiyar ga tana da jiki," in ji Majo.

"Masha Allah, ƙatuwa ce," in ji Ɗan Jimma.

Majo ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga kujera, ya sa hannu. Ya fito da wani abu ya sansana.

"Daddawa. Baturiya da daddawa?"

"Ta daɗe a ƙasar ga, Majo. Har tuwo take ci."

Ya sake sa hannu. Wannan karon kashin awaki ne, cike da tafin hannu.

"Mai tausayin dabbobi ce, Allah shi saka mata."

Ya sake lalubawa: gashin kaza, ƙwayar gero, takalmin jariri ƙafa ɗaya, da guntun igiyar ɗaure kaya. Ya jera su a kan murfin inji kamar mai shirin yin tiyata. Mutane sun fara taruwa. Ɗan Jimma bai ko ƙifta ido ba.

"Ɗan Jimma," Majo ya ce, "babu kasuwar da motar ga ba ta ci ba daga nan har iyaka. Duk abin da ke jikinta ya wahala. Agogon ga kaɗai ne ya samu hutu."

"To ko agogon za ka saya?" in ji Ɗan Jimma.

Wallahi sai da Majo ya yi dariya. Ya ba shi goro muka tafi.

Ana cikin haka fari na biyu ya sauko. Damina ta yi ƙarya, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Kuma lokacin soja ne, kun dai tuna: mutum sai ya waiga bayansa kafin ya yi maganar gwamnati, ma'aikaci kuwa in ya sayi sabon keke sai an tambaye shi inda ya samu. Mutanen kirki sun kama bakinsu sun zauna gida. Majo kuwa sai ma ya ƙara wuta.

Muka je Mayahi ganin motar wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka yi wa canjin gari, muka tarar an riga an sayar. Muka biya gidan Ladi. Tana da tsohon ciki lokacin. Ta kawo mana ruwa, ta durƙusa, ta ce, "Baba, Inna fa? In na sauka ba za ta zo ba?" Majo ya dubi bango, ya ce, "Za ta zo." Ya ajiye kwanon ruwan bai sha ba, ya fice. Na bi shi da gudu.

Hanyarmu ta bi ta gaban ofishin kumandan mai mulkin garin. Ranar ana rabon hatsin taimako, jama'a maƙil, mata da ƙwarya, gardawan hukuma da bulala suna tsare layi. Gefe guda ga wata koriyar mota an bar ta a kunne ƙarƙashin bishiyar bedi, ba kowa ciki. Na ga hannun Majo ya nufi aljihu. 

"Majo, don girman Allah, ta kumandan ce!"

"Ina ruwana da mai ita? Ji yadda take numfashi."

Bai gama lumshe ido ba aka damƙe mu. Jandarma biyu, ɗaya ya riƙe Majo, ɗaya ya riƙe ni da ban taɓa komai ba. Suka ce an kama wasu suna ɗaura wani abu mai waya a jikin motar hukuma. Mai waya! Na fara tuno waɗanda aka tafi da su arewa ba a sake jin labarinsu ba, na fara karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga bayi.

Kumandan soja ne, saurayi, fuska ba alamar wasa. Ya juya abin awon a hannunsa, ya nuna benci.

"Ku zauna."

Ni kafin ya rufe baki na zauna. Majo ya ce, "Na gode, ranka shi daɗe," ya fara zagaya ofis. Ya je taga, ya dawo ƙofa, ya zagaya bayan teburin kumandan, ya gyara wata taswira da ta karkace. Kumandan na tambaya yana juya wuya yana binsa.

"Wa ya aiko ka?"

"Hajo."

"Wace ce Hajo?"

"Matata. Gwiwa ke damunta."

"Mi ya haɗa gwiwar matarka da motata?"

Sai Majo ya kwashe labari tun daga babbar motar kasuwa, ya bi ta kan Alhajin fatu, ya shiga Ɗan Jimma da daddawarsa, duk yana tafiya. Ya je gabas, ya dawo yamma. Jandarman da ke bakin ƙofa ya cije leɓe har idonsa ya kawo ruwa. Daga ƙarshe Majo ya tsaya gaban tebur ya ce, "Ranka shi daɗe, in gwamnati ta gaji da motar ga taka, wa ake gani?"

Kumandan ya dafe goshi da hannu biyu.

"Ku hitar mini da tsohon ga. Kaina na juyawa."

Aka miƙa masa abinsa aka koro mu. Na jingina da bango ina maida numfashi. Majo ya waiga ya dubi koriyar motar, ya taɓe baki.

"Ko kyauta ba ni so. Gazuwal ce."

"Ka sani tun farko?"

"Tun daga nesa na ji warinta."

Ranar na rantse ba zan ƙara binsa ko bakin rijiya ba. Rantsuwar ba ta kai kasuwar Urafane ta gaba ba.

A kasuwar ne muka gamu da Bello, wani Bafillace mai kiwo da fataucin shanu, wanda Majo ya taɓa ɗinke wa cinya da sa ya soke shi. Kasuwar shanu ranar abin kuka ce. Dabbobi ƙashi da fata, wasu sai an ɗaga su da sanda, ba mai ko tayawa. Bello ya ce zai kora abin da ya rage masa kudu, in Allah ya sa su kai. Sai dai ba shi da hatsin da iyali za su ci a hanya. Can cikin hira ya ce, "Majo, an ce mota kake nema. Akwai wata a rugata, ta tsare mini wuri."

Ashe a shekarun wadata wani ɗan kasuwa ya karɓi bijimansa ya ba shi mota a madadinsu. Bello bai iya tuƙi ba, bai kuma ga dalilin koyo ba. Sai da salla wani ƙanensa ke zuwa ya zagaya da yara cikinta, a mayar da ita rumfa a rufe da zana. Mu da muka ci ƙurar Tasawa da Mayahi, ga mota nan bayan gari, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba!

Shuɗiya ce, ƴar ƙarama, an rufe ta kamar amarya. Na duba robar birki, sabuwa. Na zauna, kujera ta ɗauke ni daram. Kaza ce kawai ta yi sheƙa a ƙasan kujerar baya, matar Bello kuma ta yi saurin cewa ban da kazar a cinikin. Na goge buji, wato fulogin inji, muka aro batir wurin mai injin niƙa, Majo ya ɗiga mata isansi a maƙogwaro da tsohon sirinjinsa na allura. Ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Majo ya saurara ya daɗe. Da ya ɗago, na ga fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

"Ba abin da ke damunta. Barci kawai take."

To, kun san Majo da hannu. Mutumin da zai tsaya cinikin allura har mai tebur ya ba shi kyauta don ya rabu da shi. Kun kuma san rumbunansa na tsohon gero da ke bayan gida, waɗanda ko Hajo ba ta isa ta leƙa ba. Na gyara tsayuwa in sha kallon ciniki. Sai kawai na ji ya ce, "Bello, turo jakunanka gobe. Zan buɗe rumbun gabas. Abin da suka iya ɗauka naka ne, in sun dawo su ƙara."

Bello ya rufe baki da rawani.

A hanya na ce, "Majo, lahiya? Ko tayi ba ka yi ba."

"Da mai jin yunwa ake ciniki? Ba ka da hankali."

Hajo kuwa da ta ji, sai ta ɗora hannu a ka. "Malam, cikin wannan shekara? In namu ya ƙare, taya za mu dafa?"

"Na auna. Zai kai mu, in kin rage wa Habu tuwo."

Sai a lokacin wata tambaya ta faɗo mini, wadda ya kamata in yi tun farko.

"Tsaya, Majo. Kana da farmin tuƙi? Ka ma iya tuƙi?"

"Ni? Ko keke ban iya ba."

"To wa zai tuƙa?"

"Kai mana! Don mi kake tsammani nike ta jan ka gari-gari? Don kyawunka?"

Mota ta samu, sai mai ya ɓace. Shekarar ce Najeriya ta rufe iyaka, isansin da ke shigowa da araha ya koma sai a ɓoye. Ƴan ruwa-ruwa na sayar da shi cikin kwalabe a bayan shago, suna waige-waige. Majo ya riƙa tara shi kwalba-kwalba, kowace sai ya sansana ya ɗaga ta ga rana ko an haɗa da kananzir. Ya kafa mini dokoki: ba a tayar da inji don yara su ji daɗi, ba a danna oda don tana shan batir, in kuma an ga gangara a kashe inji. Gangara a ƙasarmu! Ina ka taɓa ganinta?

Sai ga saƙo daga Mayahi: Ladi ta sauka lafiya, mace. Muka shirya zuwa suna. Majo ya zuba man da ya ce zai kai mu ya dawo da mu, ba ƙari ko ɗigo. Hajo ta ci ado, ta shiga baya da ƙafarta ba wanda ya ɗaga ta, ta rungume ƙwaryar gumba da ta daka wa mai jego. Maƙwabta suka fito rakiya kamar masu tafiya Makka.

Ba mu yi nisa ba Majo ya fara mutsu-mutsu a kujera. Da muka shiga yashi ya ce in tsaya.

"Nauyi ya yi mata yawa, tana shan mai. Bari in sauka."

Ya sauka ya kama tafiya a gefen mota, hannu a kan taga, yana ba ni umarni. "Dama! Kauce wa kututture! Kai, a hankali, ba gyaɗa ka ɗauko ba!" A wurare masu yashi sosai har ya kan wuce mu ya tsaya yana jira. Hajo ta ce, "Habu, wai wa aka saya wa motar ga?" Na ce, "Ke da ni."

Dariyar ba ta daɗe ba. Hanyar cike take da mutane masu gudun yunwa, daga ƙauyukan arewa suna gangarawa. Tabarma a ka, tukunya a hannu, yara a baya. Gawar shanu nan da can. Muka iske wata tsohuwa zaune a gindin aduwa, ƙafafunta sun kumbura, jikarta na tsaye kanta tana kore mata ƙuda. Ta ce mutanensu sun yi gaba zuwa garin da ke da rijiya, in sun huta za su dawo su ɗauke ta.

Majo ya duba idonta, ya danna ƙafarta da yatsa, ya buɗe ƙofar mota.

"Shiga, Iya. Hajo, matsa."

Muka kai su bakin rijiya. Ina shirin kama hanyar Mayahi ya buga murfin inji.

"Juya. Na ga wani tsoho can baya, da wata mai goyo."

"Majo, mai fa?"

"Ni na zuba shi. Juya!"

Aka saukar da Hajo a inuwa kusa da rijiya, na juya. Na kawo tsohon da mai goyon. Ya ce in koma. Na koma. Duk dawowar da zan yi sai in tarar ya yi gaba da ƙafa ya tsayar da wasu a bakin hanya, ya zaɓi waɗanda ba za su kai da ƙafarsu ba. Na nuna masa allurar mai tana kwanciya, ya ce allurar ce ba ta da lafiya. Mutumin da ya hana ni danna oda! Da na yi sawun ƙarshe na tarar da Hajo zaune cikin mata, ƙwaryar gumba a gabanta wayam, tana ba wani jariri yatsarta yana lasa.

Rana ta karkata muka kama hanya. Muna hango rufin kwanon Mayahi motar ta yi shaƙuwa, ta yi wata, ta mutu. Shiru. Na dubi Majo, ya dubi sama.

Allah ya kawo wani mai amalanke da shanunsa biyu, yana dawowa daga ɗebo ruwa. Majo ya taɓa yi wa ɗansa kaciya, ko dai ya ce ya taɓa. Aka kwance amalanke, aka ɗaura igiya a hancin mota. Haka muka shiga Mayahi, jama'a: shanu a gaba, Majo na riƙe da akalarsu yana faɗa musu su kauce wa rami, ni a sitiyari ina tuƙin banza, Hajo a baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaran gari suka biyo mu da ihu. Muka wuce ta gaban ofishin kumandan, na sunkuyar da kai har ƙasa.

A ƙofar gidan Ladi Hajo ta buɗe fuska. Ashe dariya take, har hawaye.

"Malam, duk yawon ga da ka yi, da rumbu guda, ƙarshenta shanu suka kawo ni?"

"Cikin mota kike ko ba cikin mota ba?"

"Cikin mota nike."

"To sauka, kin iso."

Ta sauka. Ladi ta fito da gudu ba ko ɗankwali, ta faɗa jikin uwarta. Aka miƙo jaririya, Hajo ta zauna nan bakin ƙofa a kan turmi ta karɓe ta, ta rungume ta. Majo ya ce zai je ya duba ko shanun sun sha ruwa. Na bi shi da ido. Bai je wurin shanu ba, bayan katanga ya zagaya, ya daɗe yana fyace hanci.

Motar ta yi mana shekaru tana kai Hajo Mayahi tana dawo da ita. Amma duk lokacin da na ba da labarin ranar nan a gabansa, sai ya taso mini.

"Ƙarya kake, Habu! Wane ɗaukar mutane? Tankin ne ke yoyo. Bello ya cuce ni."

Haka ya riƙa faɗa har ya bar duniya, cikin wata damina mai albarka, gero ya fid da kai ko'ina. To, yau ba ya nan balle ya ƙaryata ni. Ni na wanke tankin nan da hannuna, ni na yi ta kwanciya ƙarƙashin motar nan. Bai taɓa yoyo ba.

Allah ka jiƙan Majo Isuhu. Ka yafe masa faɗansa da taurin kansa, ka yafe mini tsokanar da na yi masa. Waɗanda ya tsaya wa a hanya, ka sa su zame masa shaida. Ka jiƙan Hajo da ta bi bayansa, ka haɗa su a inuwar rahamarka, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Amin.